Zanen Yaya Mastura

Hindawiyya, Jidda
9 ga Safar, 1397

Zuwa ga taubashina Rafi'u marini, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk mutanen karofi. In ka manta mai rubutun, tunda shekara uku ke nan ko barka da salla ba ka aiko ba, ni ne Abdulghani, jikan wan kakarka, wanda ya bar Kano kana ɗan shekara goma sha biyu da hannuwa shuɗi har gwiwa. Muna nan ƙalau. Sanyin Jidda na kwana biyar ya zo ya wuce, matata Rahamatu ta sami abin ƙorafi na shekara guda. Yayarka Mastura kuwa ta fi kowa lafiya a gidan. Wainarta ke tara mutane a ƙofarmu kowace safiya, har Larabawan unguwa sun iya cewa "ƙara yaji".

Ga abin da ya sa na ɓata tawada a kanka. Iƙamar Mastura, wato takardar izinin zamanta a ƙasar nan, za ta ƙare ƙarshen Zulƙida. Da, sunanta na bin na mijinta Usman, Allah Ya jiƙansa. Yanzu sai kafilinmu Shehu Hamad ya sa hannu, shi ne Balaraben da ya tsaya mana wajen hukuma. Tsohon ya kafe, ya ce ni ba muharraminta ba ne, ba zai sa hannu ba sai ya ga takarda daga namijin da suke ciki ɗaya, cewa ya yarda ta zauna a gidana. Na duba duniya ban ga wanda ya rage mata ba sai kai. Layi uku ya isa, da sa hannun mai unguwarku. In babu, za a haɗa ta da alhazai in za su koma. Akwai sauran wata tara, amma na san saurinka, shi ya sa na fara tun yanzu.

Sai labari, don kada ka ce na rubuto don bukata kaɗai. Na sa ɗan haya a ɗakin saman bene, wani dattijo Kirista mutumin Filifin, wasu tsibirai can gaba da Indiya. Doro ake ce masa. Mai zane ne. A shagona na fenti da ƙusa muka haɗu, na ga mutum yana buɗe gwangwani yana shaƙa kamar mai cinikin turare. Da Larabcin kasuwa muke magana, da ɗan Turancina na elementare, sauran kuma hannu ya ƙarasa.

Ran nan ya ga zanen Mastura a kan igiya, wannan baƙin mai shuni. Mutumin nan ya tsaya kamar an dasa shi. Kwana uku yana bina shago, shi dai sai ya sami zanen nan. Da aka gaya wa Mastura ta yi dariya ta ba shi. Shi kuma don murna ya ce zai zana ta yadda ba a taɓa yi wa wata mace ba a Jidda. Ka ga yayarka ta yi farin jini da tsufanta.

Ka gaida kowa. Kada ka manta takardar.

Ubangidanka,
Abdulghani


Kano
14 ga Maris, 1977

Zuwa ga Abdulghani.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar 'yata da ta yi ƙyanda, ta warke. Ina fata kuna lafiya.

Na karanta takardarka sau uku, na farko a tsaye, sauran biyun a zaune. Na san akwai wasa tsakaninmu, amma wasan taubasai bai kai kan zanen mace ba. Ina da tambaya, kuma amsa nake so, ba zolaya ba.

In mutumin nan mai zane ne, ai yana da zannuwa cike da shago. Me zai yi da tsohon zanen da mace ta ɗaura a jikinta? Kuma kana namiji a gidan, wani ƙato da ba Musulmi ba, mai doro kuma, ya nemi zanen yayata, aka miƙa masa, kai kuma ka zauna kana ba ni labari kamar an yi haihuwa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne inda ka rubuta wai zai zane ta yadda ba a taɓa yi wa wata mace ba a Jidda. Ya zane wa? Yaya Mastura? Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Me ta yi masa? Haka al'adarsu take, a karɓi kayan mutum a bi shi da bulala? Kuma ka ce don murna!

Zanen nan in ba ka sani ba, ni na rina shi da hannuna shekarar da za ta tafi. Shi ne abu na farko da na tsoma ni kaɗai bayan rasuwar Baba. Ba don a ba baƙo na yi shi ba.

Maganar takarda a dakata. Ba zan sa hannu ta zauna a gidan da ban san abin da ake yi a cikinsa ba.

Rafi'u


Hindawiyya, Jidda
20 ga Rabi'ul Ahir, 1397

Rafi'u,

Assalamu alaikum. Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya. Mu ma lafiya muke, in ban da ciwon kan da takardarka ta sa mini.

Wane malami ne ya koya maka boko? Ka gaya mini sunansa in sa a yi masa addu'a. Zana na rubuta. Za, na. Harafin ƙarshe a ne, ba e ba. Na yarda bairona yana zubar da tawada, amma ko da tawada ta cinye harafin, hankali bai ce maka mutum ba ya dukan wanda ya yi masa kyauta ba? Wanda zai zane Mastura ai ba a haife shi ba. Kwanan baya wani ɗan dako ya taka mata tanda, har yau in zai wuce sai ya zagaya ta bayan masallaci.

Mai zane kuma, ba mai sayar da zannuwa nake nufi ba. Mai zana abu da fenti a kan ƙyalle, a rataya a bango. Doro kuwa suna ne, gutsuren Teodoro. Bayansa ya fi naka miƙewa, kai da ka ƙare rayuwa a sunkuye kan rami.

Bari in gaya maka ko wane ne, ko ka daina ganinsa da bulala. Ya kusa sittin. Ubansa masunci ne a wani ɗan tsibiri. Ya yi makarantar zane a babban birninsu, daga nan ya tafi Sifen, ya wuce Faransa, shekara ashirin da wani abu bai koma gida ba. Ya ce a can ya zauna bakin kogi yana zana fuskokin masu yawon buɗe ido don ya ci abinci, har ya tsani hancin ɗan Adam. Rana ɗaya ya rantse ya daina fuska. Ya koma layi da murabba'i da launi a kan launi, shi da wasu abokansa, wai sabon salo. Daga ranar aka daina saye. Yunwa ce ta kawo shi nan, yana rubuta wa wani kamfanin gine-gine alluna da rana, in ya tashi ya hau sama ya yi nasa. Na ce masa, ya Doro, ka zana raƙumi da dabino mana, Turawan kamfani za su yi rububi. Ya kalle ni kamar na ce ya sayar da uwarsa.

Abin da ya gani a zanen Mastura launi ne, ba Mastura ba. Ya ce akwai wani wuri a tekunsu inda ruwa ke zurfi farat ɗaya, ubansa ya hana shi kai kwalekwale can. Launin wurin yake nema tun yana saurayi, ya matse kwalaben fentin Turai duka bai samu ba, sai ga shi a kan igiyar shanyata. Ya tambaye ni wa ya yi shi. Na ce wani taubashina ne mai taurin kai. Ya cire hula. Wallahi ya cire maka hula, kai kuma kana can kana yi masa doro.

Ta hannun Rahamatu aka ba shi, wankakke, a ninke. Ya ɗaure shi a kan katako da ƙusoshi, yana ta ɗiga masa fari da ɗan rawaya. Wani lokaci sai ya yi mako yana kallo bai taɓa ba, sannan ya ja layi ɗaya ya sauko yana gumi kamar ya sauke jirgi. Na hau na duba don kai. Babu ido, babu hanci, babu hannu, babu mace. In aka ce mini taswirar unguwar Karantina ce bayan ruwan sama zan yarda.

Halas, magana ta ƙare. Aiko takarda.

Abdulghani


Kano
6 ga Yuli, 1977

Abdulghani,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta sauka, an gode Allah. Takardarka ta yi wata biyu a hanya.

Na yarda na karanta harafi ba daidai ba. Har na ɗauko takarda zan rubuta maka layi ukun, sai ga Alhaji Bello mai kayan koli ya dawo daga wajenku ya zo gaishe ni. Ya ce ka hau da shi sama ya ga abin da idonsa. Ya ce bayan hajji za a kai shi wani babban otal a bakin teku a rataya, maza da mata, Turawa da Larabawa, su zo su tsaya suna kallo. Ya ce har an rubuta ɗan kati da za a manna a ƙasansa, kuma abin da ke jikin katin shi ne MASTURA.

Shafi uku ka cika mini da labarin masunci da kwalekwale, amma wannan bai sami wuri ba. Tun muna yara haka kake, ka ba mutum labari mai daɗi har ya manta abin da ya zo tambaya.

Ko da ido ko babu ido, zanen da yayata ta ɗaura ne, da sunanta a ƙasa, a bangon otal. Alhaji Bello ba ya riƙe magana. Jiya a karofi wani ya tambaye ni wai gaskiya ne an buga hoton yayata a Makka. Na ci gaba da juya rami.

Ba zan aiko takarda ba. In alhazai za su dawo ka haɗo ta da su. Na sa an fara gyara ɗakin Inna.

Rafi'u


Hindawiyya, Jidda
4 ga Shawwal, 1397

Rafi'u,

Assalamu alaikum, barka da salla, Allah Ya maimaita mana. Azumin bana ya zo da zafi, amma duk mun kai. Alhaji Bello ya sake zuwa umara, na karɓe shi hannu biyu, na kuma gaya masa abin da ke raina a kan bakinsa.

E, ban faɗa maka maganar otal ba. Wanda ya ga bulala a cikin harafi ɗaya, me zai gani in na ce otal? Kuma sunan nan, ka tambayi kowane malami, mastura da Larabci rufaffiya ke nan, wadda Allah Ya suturta. Balarabe in ya karanta katin ba zai kawo wata mai waina a Hindawiyya a ransa ba. Na so in tsaya a kan wannan hujja, don ni kaina ta burge ni. Amma na san ka.

Na karanta wa Mastura takardarka. Ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in gyara, ga shi: "Rafi'u, ni na goya ka, bayana ka yi wa fitsari. Shekara goma sha ɗaya ina garin nan, a nan na binne Usman, a nan nake da tandata da masu sayena, in na so ɗawafi mota ɗaya ce. Ɗakin Inna ka zuba baban rininka a ciki. In dawo in zauna ina jiran matarka ta zubo mini tuwo? Zane nawa ne, ka ba ni, na bayar." Daga nan ta faɗi wasu kalmomi da bairona ya ƙi rubutawa. Amma da ta shiga ɗaki Rahamatu ta same ta tana kuka, kuma tun ranar wainarta ba ta tashi yadda ta saba.

Sai na hau wajen Doro. Rabin yini na yi ina fassara masa halinka, aikin da ba na yi wa maƙiyi fata. Ya ce a canza suna. Na ce ba zai isa ba. Ya ce to kada a kai otal, ya bar shi a ɗaki. Na ce mutumin Kano ba zai yarda da abin da bai gani ba. Ka sani, Rafi'u, wata bakwai yana kan abin nan. Ya taɓa ce mini duk abin da ya yi a Turai kwaikwayon wasu ne, wannan ne na farko da in ya kalla ba ya jin kunya. Masu shirya nunin ma saboda shi suka ba shi bango.

Ya tambaye ni, "In ba takarda, madam za ta tafi?" Na ce za ta tafi. Ya ce, "Tana so?" Na ce ba ta so. Ya sauka shago da kansa ya ɗauko filaya, ya dawo ya dinga zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan taga. Na ce yalla mu yi sauri, ya ce in fita.

Ga shi nan na ba Alhaji Bello ya kawo maka, a naɗe cikin bututun kwali. Doro ya ce a gaya maka abu biyu: kada a ninke, kada ruwa ya taɓa. Ya ce ka duba da idonka, in ka ga babu abin kunya ka mayar masa kafin hajji, in ka ga akwai ka riƙe, naka ne. Ka buɗe, ka ga babu kowa a ciki, ka rubuto layi ukun nan. Saura wata biyu ba kwana huɗu.

Abdulghani


Kano
11 ga Oktoba, 1977

Abdulghani,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya.

Saƙo ya iso. Na gyara zanen. Fentin ya ba ni wahala, sai da na kankare da wuƙa, na bi da kananzir, na wanke da toka. Na sake tsoma shi sau tara, na kai mabuga aka buge shi. Ga shi nan ta hannun maniyyatan jirgin farko. A ba mai shi.

Rafi'u


Hindawiyya, Jidda
12 ga Zulƙida, 1397

Rafi'u,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Na gama gaisuwa.

Ka gyara! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An ce maka kada ruwa ya taɓa, ka jefa shi rami sau tara. An ce kada a ninke, ka kai an yi masa dukan da tun farko kake tsoron a yi wa yayarka. Wata bakwai na ran bawan Allah ka bi da wuƙa da kananzir, sannan ka rubuto mini layi biyar kamar ka ɗinke wa wani aljihu. An ce in ka ga abin kunya ka riƙe. Riƙewa aka ce, ya shehu, ba wanki ba!

Kuma "a ba mai shi". Wane mai shi? Mastura ko Doro? Kwana biyu ƙunshin na ƙarƙashin kantata na rasa wanda zan fara fuskanta. Ni da na sayar wa Bature fentin jirgin ruwa a matsayin na ɗaki, ban taɓa rasa bakin magana ba sai a kanka.

A ƙarshe na hau sama. Na shirya ƙarya mai kyau, cewa kwastan ne suka jiƙa shi, amma da ya buɗe ya ga sheƙin bugu na san ba za ta shiga ba. Ya shimfiɗa shi a kan tebur. Ya shafa da tafin hannu, shuni ya kama masa yatsu. Ya kai taga ya ɗaga wa rana yana neman ko layi ɗaya ya tsira. Babu. Kai ma ka san babu, aikinka ba ya barin saura. Na ce masa ya zage ka, zan fassara har da ƙari. Bai zaga ba. Ya ce launin ya fi na da. Sannan ya ninke shi yadda ka ninke, ya sauka, ya tsaya a matakala ya miƙa wa Rahamatu ya ce a ba madam. Ya aika wa masu otal su ba wani bangon. Katakon na nan jingine a ɗakinsa, fanko, kuma kwana biyar ke nan ban ji warin fenti daga sama ba.

Mastura ta karɓa ta sa a ƙasan akwati. Ta ce ba za ta ɗaura ba, ba za ta bayar ba, kuma in gaya maka ba ta da saƙo.

Yanzu ina takardar? Na zazzage ƙunshin, na duba cikin ninkin, har ambulan na yage ko ta manne. An ba ka abin da ka nema har da wanda ba ka nema ba. Shehu Hamad ya aiko sau biyu. Saura kwana goma sha takwas. Jiya na ga Mastura tana wanke babbar tandarta tana naɗewa a tsumma, ta ce za ta bar wa maƙwabciya. In so kake ta dawo ko ta halin ƙaƙa, ka faɗa a fili, in daina wahalar da dattijon mutane.

Abu na ƙarshe, ba nawa ba ne. Doro ya ce in tambaye ka, kuma ya sa na maimaita har sau biyu don kada in ƙara gishiri. Ya ce: kafin ka kankare, ka duba shi?

Na ba wani ma'aikacin jirgin alhazai wannan, gobe za su koma fanko. Ba ka da uzurin hanya.

Abdulghani


Kano
2 ga Nuwamba, 1977

Zuwa ga Abdulghani.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ina gaida Rahamatu, ina gaida Yaya ko ba ta amsa ba.

Takarda na cikin wannan ambulan, da sa hannun mai unguwa da hatiminsa. Ka kai wa Balaraben yau. Ban haɗa ta da zanen ba don a lokacin ban gama shawara da raina ba. A ce wa Yaya ta kwance tandarta.

Ka gaya wa mutumin na duba. Kwana uku yana rataye a ɗakin Inna, na kulle ƙofa, ni kaɗai nake shiga. Ranar farko ban ga komai ba sai ɓarnar fenti, na ce Abdulghani ya yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa. Rana ta biyu na zauna a bakin gado, haske ya shigo ta taga, sai na ga farin layin nan da ya sauko ya ɗan karkata. Haka Yaya take karkata wuya in ta gama magana ba za ta sake ba. Tun ina yaro na san wannan tsayuwar. Na tashi na koma wancan gefen ko idona ne, ta bi ni. Kai ka ce babu kowa a ciki. Shekara goma sha ɗaya kuna gida ɗaya, ba ka taɓa kallonta ba ke nan.

Na ga kuma ba tsayuwar baƙuwa ba ce. Ta mai gida ce. Shi ya sa na sa hannu.

Amma abin da na gani wani ma zai iya gani, a otal ko a ɗakin saman bene, ko bayan ba ni da rai. Ba zan iya barin wannan ba. Rana ta uku na ɗauko wuƙa. Ban ji daɗin aikin ba, kuma ban ce ya yafe mini ba.

Ka fassara masa wannan yadda na rubuta, kada ka gyara: da ban gan ta a ciki ba, da na mayar masa da abinsa yadda ya zo.

Rafi'u